Gwiwar Mai Lamba 27: Nazarin Rauni da Dawowar Wani Ɗan Wasa a Jami'ar Jojiya

Shimfiɗa

Wannan nazari ya bi sawun Nick Chubb, wani matashi da ya buga wa Jami'ar Jojiya ƙwallon ƙafar Amurka daga 2014 zuwa farkon 2018, sanye da riga mai lamba 27. Matsalarsa gwiwar hagu ce. Ta goce masa a tsakiyar kakarsa ta biyu, a lokacin da ake lissafa shi cikin masu iya lashe Heisman, kyautar da ake bai wa gwarzon 'yan wasan jami'o'in Amurka duk shekara.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba, tsawon filin yadi 100 ne, yadin nan dai da ake auna atamfa da shi, wato santimita 91 da ɗan ɗoriya. Kowane ɓangare na da mutum 11 a fili. Ƙungiyar da ƙwallo ke hannunta tana da dama 4 ta ci yadi 10, in ta ci a sabunta mata damar. Wanda ya kai ƙwallo gidan ƙarshe, wato ƙarshen fili ta ɓangaren abokan hamayya, ya samo wa ƙungiyarsa maki 6. Ana ciyar da ƙwallo gaba ne ta hanya biyu: ko madugun hari ya jefa wa wani ya cafe, ko ya damƙa wa mai gudu a ciki, shi kuma ya rungume ya nufi ɓarakar da ƙartan gaba guda 5 suka buɗe masa. Aikin yaron namu ke nan. Kusan duk ɗaukar da mai gudu ya yi, da kayarwa take ƙarewa, sau da yawa mutum biyu ko uku a kansa. Saboda haka idan aka ce an ba ɗan wasa ƙwallo sau 30 a wasa guda, ana nufin ya yi karo da ƙarti wajen sau 30 cikin yini ɗaya.

Akwai dokoki biyu da ke ƙarƙashin labarin nan gaba ɗaya. A wancan lokacin hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta haramta wa ɗalibi karɓar kuɗi saboda wasansa ko sunansa. Abin da yake samu shi ne kuɗin makaranta, masauki da abinci. Ita kuma gasar ƙwararru ta NFL ba ta ɗaukar kowa sai ya cika shekara 3 da gama sakandare. Wato a lokacin, komai bajintar yaro, sai ya yi shekara 3 yana shan karo ba albashi kafin ya isa inda ake biya.

Chubb ɗan garin Cedartown ne, wani ƙaramin gari a arewa maso yammacin jihar Jojiya. Zuriyarsu sananniya ce a yankin, domin kakanninsa, baƙaƙen fata 'yantattu, sun kafa ƙauyen kansu a can a shekarun 1860. A sakandare ya yi fice a tseren mita 100 da jifan ƙarfe bayan ƙwallo. Nauyinsa ya ɗan haura kilo 100, tsayinsa kusan mita 1.8.

Oktoba 2014 zuwa Oktoba 2015: kaya ya sauka a kansa

Ya shiga jami'a a 2014 tare da wani sabon mai gudu, Sony Michel, kuma dukansu sun tarar da Todd Gurley, wanda shi ne tauraron ƙungiyar. A wasanni 5 na farko ɗan guntun aiki ake ba shi. Ranar 9 ga Oktoba aka dakatar da Gurley kan zargin karɓar kuɗi don sa hannu a kayan tunawa da magoya baya ke saye, hukuncin da ya ƙare a wasanni 4. Michel kuma yana jinyar rauni. Kwana biyu bayan dakatarwar, a gidan Jami'ar Misuri, aka damƙa wa yaro ɗan shekara 18 ƙwallo sau 38, ya ci yadi 143. Mako na gaba a kan Arkansas aka ba shi sau 30, ya ci 202.

Gurley ya dawo ranar 15 ga Nuwamba a wasa da Auburn, kuma a wasan nan jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Kayan ya sake komawa kan mai lamba 27. Ya rufe kakar da yadi 266 a kan Louisville. Jimilla: ɗauka 219, yadi 1,547, shiga gidan ƙarshe a guje sau 14, wato yadi 7.1 a kowace ɗauka. A ƙwallon ƙafar Amurka, wanda ke cin yadi 5 a kowace ɗauka ana ce masa gwani.

Kakar 2015 ta fi ta baya zafi. Cikin wasanni 5 na farko ya ci sama da yadi 740, fiye da yadi 8 a kowace ɗauka. Ranar 3 ga Oktoba, cikin ruwan sama, Alabama ta lallasa Jojiya 38 da 10, amma duk da haka ya ci yadi 146, har da wani gudu na yadi 83. Wannan ne wasa na 13 a jere da ya haura yadi 100, abin da ya kamo tarihin Herschel Walker, babban gwarzon jami'ar na farkon shekarun 1980.

10 ga Oktoba 2015

Wasan a filin Neyland ne, gidan Jami'ar Tenesi a birnin Knoxville. A harin farko na Jojiya, kuma a damar farko, aka ba shi ƙwallo ya yi hagu ya nufi gefen fili. Yadi 2 kacal ya ci. Yana dab da fita layi aka buge shi, jikinsa ya ɗan tashi, sai ƙafar hagu ta dira a miƙe da dukkan nauyinsa a kanta, gwiwar ta lanƙwashe ta inda ba a halicce ta ta lanƙwashe ba. Aka fitar da shi daga filin a ƙaramar motar ɗaukar masu rauni. Jojiya ta kai ga jan ragama 24 da 3 a wasan, amma ta sha kashi 38 da 31.

Gwiwa tana da manyan jijiyoyi 4 masu ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri. Biyu sun gitta juna a tsakiya, ta gaba da likitoci ke kira ACL da ta baya da suke kira PCL. Biyu kuma suna riƙe gefe da gefe, ta ciki da ta waje. Binciken likitoci ya nuna 3 daga cikin 4 sun tsinke: ta baya da na gefen duka biyu, ga kuma lahani a guringuntsi. Ta gaban ce kaɗai ta tsira. Wani abin da ya tsira, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne babbar jijiyar jini da ke bi ta bayan gwiwa da kuma jijiyar da ke kai saƙon motsi zuwa ƙafa. A irin wannan gocewar, idan jijiyar jinin ta fashe ana iya rasa ƙafar, idan kuma ta motsin ta lalace mutum kan kasa ɗaga tafin ƙafarsa har abada. Shi ya sa aka kwantar da shi a asibiti ana sa ido kafin a yi maganar tiyata, wadda aka yi bayan 'yan makonni.

Masu bin gasar yankin kudu maso gabas, wadda ake kira SEC, suna da abin tunawa. Ranar 27 ga Oktoba 2012, Marcus Lattimore na Jami'ar South Carolina, shi ma mai gudu da ƙwallo, shi ma a wasa da Tenesi, ya samu mummunar gocewar gwiwa. Ya bar jami'a, ƙungiyar San Francisco 49ers ta ɗauke shi a zagaye na 4 na zaɓen 2013, wato zaɓen da ƙungiyoyin NFL ke ɗaukar sababbin 'yan wasa bi da bi duk shekara, amma ya yi ritaya a Nuwamban 2014 bai buga wasan ƙwararru ko ɗaya ba. Da wannan ma'aunin mutane suka riƙa duban gwiwar mai lamba 27.

Oktoba 2015 zuwa Agusta 2016: jinya

Jinyar ta gudana ne a hannun Ron Courson, shugaban sashen kula da lafiyar 'yan wasa na jami'ar. Tsarin irin wannan jinya sananne ne. Makonnin farko ƙafa na cikin ƙarfen ɗauri, mutum na dogara sanduna, ba a yarda ya taka da nauyi ba. A wannan zaman ne naman cinya ke zubewa, musamman na gaba, wanda shi ne ke taya jijiyar baya hana ƙashin ƙwauri zamewa. Daga nan sai masu gashin ƙashi su shiga aikin lanƙwasa gwiwar da miƙe ta kaɗan-kaɗan kafin tabon ciki ya sandare ta. Sai tafiya, sai ɗaga ƙarfe, sai gudu a miƙe. Abin da ke zuwa ƙarshe shi ne wanda mai gudu da ƙwallo ya fi bukata: ya kafa ƙafa ɗaya a ƙasa yana tsakiyar gudu, ya rage tsawo, ya karkata ya canja hanya cikin ƙiftawar ido. Duk ƙarfin wannan juyin a gwiwa yake sauka. Cikin dabarun da aka yi amfani da su har da atisayen taikwando, domin yana tilasta wa mutum tsayuwa da juyawa a kan ƙafa ɗaya, abin da mai sabuwar gwiwa ke jin tsoro ko da likita ya ce ta warke.

Yana cikin wannan hali komai ya sauya a kewayensa. A ƙarshen Nuwamban 2015 jami'ar ta raba gari da koci Mark Richt bayan kaka 15, ta kawo Kirby Smart daga Alabama. Aka zo da sabon mai tsara hari, Jim Chaney, da sabon kocin ƙartan gaba, Sam Pittman. Michel, wanda ya karɓi aikin bayan raunin, ya gama kakar 2015 da yadi 1,161.

Ba a sa Chubb a wasan gwajin bazara na watan Afrilu ba. A watan Agusta ya koma cikakken atisaye. Sai dai kafin nan, a farkon Yuli, Michel ya karye a hannu a wani hatsarin babur mai ƙafa huɗu. Mutumin da ya kamata ya rage masa nauyi a wasan farko ba zai buga ba.

Kakar 2016: ya dawo, amma aikin bai dawo ba

Ranar 3 ga Satumba 2016, kwana 329 bayan raunin, ya shiga fili a birnin Atlanta a wasa da Jami'ar North Carolina. Aka ba shi ƙwallo sau 32. Ya ci yadi 222, ya shiga gidan ƙarshe sau 2, na biyun wani gudu ne na yadi 55 a mintunan ƙarshe da ya rufe wasan 33 da 24. Washegari labarin da ya cika ko'ina shi ne an gama da maganar gwiwa.

Makonnin da suka biyo baya sun nuna wani abu dabam. A wasa na biyu, da Nicholls, wata ƙaramar jami'a da ba ta cikin rukunin manya, ya ci yadi 80 a ɗauka 20, kuma da ƙyar Jojiya ta tsira 26 da 24. Ranar 24 ga Satumba, a gidan Ole Miss, wato Jami'ar Mississippi, ya yi targaɗe a idon sawu a wasan da aka doke su 45 da 14. Mako na gaba, da Tenesi, sau ɗaya tak ya taɓa ƙwallo a guje. Da Vanderbilt, wadda ta zo har gida ta ci Jojiya 17 da 16, yadi 40 ya samu. Da Filorida, ɗauka 9, yadi 20.

Abubuwa uku suka haɗu. Madugun harin, Jacob Eason, yaro ne da ya gama sakandare a shekarar, kuma tun da masu tsaro ba sa tsoron jifansa sosai, sai suka riƙa cunkushe gaba da mutum 8 suna jiran mai gudu. Ƙartan gaba kuma sun gaza irin girman jikin da sabon tsarin ke so; wanda ke riƙe gefen hagu ma daga Jami'ar Rhode Island aka ɗauko shi, wadda ke buga gasa ta ƙasa da wannan. Sau da yawa ƙwallo na isa cikinsa mai tsaro ya riga ya keto. Na uku jikinsa ne. Ƙarfin tunkuɗe mutum yana nan, amma wancan kafa ƙafa da fizgar da ke mayar da gudun yadi 4 ya zama na yadi 40 ya yi ƙaranci. Wanda ya kalli wasannin 2014 ya kalli na tsakiyar 2016 zai ga bambancin a taku na farko bayan juyi.

Abin da kociyoyin suka fi gwadawa a farkon kakar shi ne abin da ya yi aiki a da: a jera manyan mutane, a ba mai lamba 27 ƙwallo ta tsakiya, a maimaita. A kan ƙungiyoyi masu ƙarfin gaba hakan bai haifar da komai ba. Zuwa ƙarshen kaka an ƙara raba aikin tsakaninsa da Michel, lamarin ya ɗan gyaru. Ya haura yadi 100 a nasarar da suka yi kan Auburn a Nuwamba, ya kuma ci 142 a wasan rufe kaka da Jami'ar TCU, wanda suka ci 31 da 23.

Alƙaluman 2016: wasanni 13, ɗauka 224, yadi 1,130, shiga gidan ƙarshe a guje sau 8, yadi 5.0 a kowace ɗauka. Ƙungiyar ta ci wasa 8, ta faɗi 5. Yadi dubu da ɗoriya ba abin rainawa ba ne, amma an ba shi ƙwallo fiye da 2014 da ɗauka 5, ya ci ƙasa da ita da yadi 417.

Disamba 2016: tafiya ko zama

Yanzu ya cika shekara 3, ƙofar NFL ta buɗe. Al'adar masu gudu da ƙwallo ita ce su fita da zarar an buɗe, saboda jikinsu ne ya fi saurin ƙarewa, kuma duk ɗaukar da aka yi a jami'a an cire ta ne daga abin da za a sayar nan gaba. A watan nan ne ma Leonard Fournette na Jami'ar LSU da Christian McCaffrey na Jami'ar Stanford, sa'o'insa, suka ƙi buga wasan rufe kakar jami'o'insu don kada su ji rauni kafin zaɓe. An ɗauki na farko a matsayi na 4, na biyu a matsayi na 8.

Shi Chubb lissafinsa dabam ne. In ya fita a lokacin, abin da zai nuna wa ƙungiyoyi shi ne gwiwa mai ɗinki da kaka guda ta yadi 5.0, a shekarar da masu gudu suka yi yawa a kasuwa: bayan waɗancan biyun ga Dalvin Cook, ga Joe Mixon, ga Alvin Kamara. In ya zauna, zai sake ɗaukar ƙwallo sau 200 da wani abu kyauta, kuma rauni ɗaya ya isa ya rufe littafin.

A tsakiyar Disamba ya sanar da cewa zai zauna ya yi shekara ta 4. Ba shi kaɗai ba: Michel da masu tsaro biyu, Lorenzo Carter da Davin Bellamy, sun sanar da irin wannan shawara tare da shi.

Kakar 2017

An gyara gaba. Aka mayar da Isaiah Wynn gefen hagu, aka sa sabon ɗalibi Andrew Thomas a gefen dama. Irin ingancin mutanen biyu ya bayyana daga baya: an ɗauki Wynn a matsayi na 23 a zaɓen 2018, Thomas kuma a matsayi na 4 a zaɓen 2020. Eason ya ji rauni a gwiwa a wasan farko, wani sabon ɗalibi, Jake Fromm, ya karɓa, kuma aka gina masa tsarin da ba ya bukatar jifa da yawa. Sannan aka samu mai gudu na uku, D'Andre Swift.

Rabon aikin shi ne babban sauyi. Cikin wasanni 15 an ba mai lamba 27 ƙwallo sau 223, wato ƙasa da sau 15 a kowane wasa, alhali a 2016 ya haura 17. A wasanni da dama Jojiya kan yi nisa tun kafin kashi na huɗu, wato na ƙarshen wasa, sai a zaunar da shi. Ya ci yadi 1,345, ya shiga gidan ƙarshe sau 15, yadi 6.0 a kowace ɗauka. Michel ya ci 1,227, Swift 618. Abin da ƙungiyar ke ci a guje a kowane wasa ya tashi daga kusan yadi 190 zuwa sama da 250.

Ranar 30 ga Satumba ya koma filin Neyland a karon farko tun ranar da aka fitar da shi a mota. Ya ci yadi 109, Jojiya ta yi nasara 41 da nema.

Kakar ba ta rasa ranar baƙin ciki ba. Ranar 11 ga Nuwamba, a gidan Auburn, masu tsaron gaba na Auburn suka fi ƙarfin ƙartan Jojiya, ya tashi da yadi 27 a ɗauka 11, aka doke su 40 da 17. Mako uku bayan haka, ranar 2 ga Disamba, ƙungiyoyin biyu suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na SEC, Jojiya ta rama 28 da 7, ta ɗauki kofin a karon farko tun 2005.

Janairu zuwa Afrilu 2018

Ranar 1 ga Janairu aka buga wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa a filin Rose Bowl da ke Kalifoniya, da Jami'ar Oklahoma. An tafi hutun rabin lokaci Oklahoma na gaba 31 da 17. Da aka dawo, Chubb ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili, ya ɓalle daga hannun masu tsaron da suka cafke shi, ya zura yadi 50 har gidan ƙarshe. Saura daƙiƙa 55 a tashi, Jojiya na baya da maki 7, aka turo masa ƙwallo kai tsaye ba ta hannun madugu ba, ya kewaya ta dama ya shiga daga yadi 2, wasa ya koma 45 da 45. A ƙarin lokaci na biyu Carter ya tare da hannu ƙwallon da Oklahoma ta buga da ƙafa don neman maki, Michel ya ruga yadi 27 ya rufe wasan 54 da 48. Uku daga cikin huɗun da suka ƙi tafiya a Disambar 2016 su suka yanke wasan. Chubb ya tashi da yadi 145 a ɗauka 14 kacal. A ranar ne kuma jimillar yadinsa da na Michel ta wuce ta Eric Dickerson da Craig James na Jami'ar SMU, tarihin da ya tsaya tun farkon shekarun 1980.

Mako guda bayan haka, ranar 8 ga Janairu, a wasan ƙarshe da Alabama a Atlanta, an toshe shi: ɗauka 18, yadi 25. Alabama ta ci 26 da 23 a ƙarin lokaci.

Ya bar jami'a da ɗauka 758, yadi 4,769 da shiga gidan ƙarshe a guje sau 44. A tarihin SEC, Herschel Walker mai yadi 5,259 ne kaɗai ke gabansa. A gwajin da NFL ke yi wa masu neman shiga, ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.52, ya yi tsallen sama na kusan santimita 98. Ranar 27 ga Afrilu ƙungiyar Cleveland Browns ta ɗauke shi a matsayi na 35, farkon zagaye na 2. Shi ne mai gudu na 4 da aka ɗauka a shekarar; Michel ya riga shi da matsayi 4. Gwiwar ta ɗauke shi kaka 5 cur a gasar ƙwararru, inda ya ci yadi 1,494 a 2019 da 1,525 a 2022, kafin ta sake samun mummunan rauni ranar 18 ga Satumba 2023 a wasa da Pittsburgh.

Abin da nake gani

Yadi 222 na ranar dawowa sun ruɗi mutane da yawa, kuma ina ganin sun ruɗi har masu tsara wasan. Likitoci sun yi nasu aikin cikin wata 11, babu mai musun wannan. Amma ba wa mutumin da jijiyoyinsa 3 suka tsinke ƙwallo sau 32 a wasansa na farko, don kawai abokin aikinsa ya karye a hannu, ganganci ne da Allah Ya tsare. Nasarar ranar ta sa aka ci gaba da ɗora masa kaya irin na 2014 a bayan ƙartan da ba su kai na 2014 ba, da madugun da bai san gari ba tukuna. Ba zan ce targaɗen Ole Miss daga nan ya fito ba. Abin da alƙaluma suka nuna shi ne an kashe rabin kaka ana tura shi cikin bango.

Abin da ya yi aiki a 2017 abu uku ne da suka zo lokaci guda, kuma ba na jin ɗayansu zai isa shi kaɗai. Gwiwar ta samu shekara ta biyu, wadda a cikinta ne mai irin wannan rauni kan daina tunanin ƙafarsa yayin juyi. An gyara mutum 5 na gabansa. An kuma rage masa ɗauka a kowane wasa. Wasanni biyun da ya gaza, Auburn a Nuwamba da Alabama a Janairu, su ne suka fi fayyace lamarin: gwiwa lafiya lau, ɗan wasa na kan ganiyarsa, amma da aka fi ƙarfin ƙartan gaba sai ga yadi 27 da yadi 25. Wannan ya sa nake ganin an ɗora wa gwiwar laifin 2016 fiye da rabonta, kamar yadda aka ba ta yabon ranar 3 ga Satumba fiye da rabonta.

Shawarar zama ta yi masa kyau, amma ba zan ba kowane yaro ita ba. Ta yi kyau ne saboda jijiyar gaba ta tsira, jijiyar jini da ta motsi sun tsira, yana da abokin da zai raba kaya da shi, kuma darajarsa a kasuwa ta faɗi ƙasa da abin da shi ya san yana iyawa. Fournette da McCaffrey, da darajarsu ke sama, sun yi daidai da suka kama gabansu. Lattimore kuwa gwiwarsa ba ta ba shi zaɓi irin wannan ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aikin ya faɗo hannunsa tun farko. An dakatar da Gurley wasanni 4 kan kuɗin da bai wuce 'yan dubban daloli ba, a gasar da ke cika filin Jojiya mai ɗaukar sama da mutum 92,000. Hukuncin nan ne ya sa aka damƙa wa ɗan shekara 18 ƙwallo sau 68 cikin kwana 8. Ya ɗauki ƙwallo sau 758 kafin a biya shi sisi na albashi, kuma da ƙafarsa ta dira da ɗan bambanci kaɗan a Knoxville, da ba a taɓa biyansa ba. Sai ranar 1 ga Yulin 2021 NCAA ta sassauta, ta bar ɗalibai su ci gajiyar sunansu. Dokar shekara 3 ta NFL kuwa tana nan yadda take.